Sakhr Ɗin Baba: Kafin Ka Ɗauki Sukundireba

Kawu, assalamu alaikum.

Ni ne auta a gidanmu, haifaffen Jidda. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata tsohuwar kwamfuta, Sakhr AX-170, wadda ya saya tun ba a haife ni ba. Tana nan saman wadirob ɗin Hajiyarmu a naɗe cikin zane, tare da katirij (ɗan akwatin manhaja da ake cusa mata) na Alƙur'ani, da na wasanni, da wasu kaset-kaset da ya rubuta wa suna da hannunsa. An raba gado, ita ba wanda ya tuna da ita. A gidan nan kaf ni kaɗai ke sha'awar irin waɗannan kaya. Na yi odar ƙarin memori na 512KB ta intanet, irin wanda ake cusawa a ramin katirij, sai ya zo mini a warwatse: fanel (allon da ake liƙa kayan a kai) daban, aisi (IC, 'yan kayan lantarkin nan masu ƙafafu da yawa) daban, ƙananan kaya a leda, wai ni zan haɗa da kaina. Ban taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba. Abokina mai gyaran waya ya ce in kawo masa kwamfutar ya buɗe ta ya dasa memorin a ciki, ya fi kyan gani. Da na yi wa babban Yayanmu maganar, sai ya ce, "Kada wanda ya taɓa kayan Baba." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma na ja bakina. Wata mai kamawa aiki zai kai shi Madina. Ina tunanin in sauko da ita, a yi aikin, in mayar kafin ya dawo. In ya ga tana aiki ai zai ji daɗi. Kawu, laifi ne? Kuma yaya zan haɗa abin nan ban ƙona shi ba?

Auta, daga Jidda

Wa alaikumus salam, Auta. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kada ka sauko da ita a bayan idon Yayanka. Ba aikin nake hana ka ba, har ma zan gaya maka yadda ake yin sa. Satar hanyar ce ba na so.

Duba inda kwamfutar take, a ɗakin Hajiya. Ko dai ka jira ta fita unguwa ka taka kujera a ɓoye, ko ka gaya mata ka ɗora mata nauyin riƙe sirri tsakanin ɗan farinta da autanta. Ba wanda ya dace da kai a ciki. Ga kuma abin da lissafinka bai taɓo ba: na'urar nan ta doshi shekara 40. Irinta takan mutu a kunnawar farko ba tare da kowa ya yi mata laifi ba, kafasita ɗaya da ya bushe ya isa. In hakan ta faru Yaya na zaune a wurin, kowa zai ce kwananta ne ya ƙare. In ta faru yana Madina, sunan abin "Auta ya ƙona kwamfutar Baba", kuma za ka ji wannan magana har a bikin 'ya'yanka.

Rashin sa ta a lissafin gado bai mayar da ita tsintuwa ba. Ta magada ce gaba ɗaya: Hajiya na da tumuninta a ciki, 'yan'uwanka mata in akwai su suna da rabonsu, kai ma haka. Ba ta Yaya ba ce shi kaɗai, ba kuma taka ba ce don kawai ka fi kowa son ta. Ko su yafe maka da bakinsu, ko a yi mata kuɗi ka biya kowa nasa, in an kai ga nan malami zai raba muku a zama ɗaya. Sai dai ban yi zaton za a kai ba, don ba na jin riyal ne ya sa Yayanka ya ɗaure fuska.

Yi lissafin shekaru. AX-170 ta shiga gidajen ƙasar nan ne daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshensu. Kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, na marigayi Muhammad al-Sharikh da ya rasu a 2024, shi ya ɗauki tsarin MSX da kamfanin ASCII na Japan da Microsoft suka fitar a 1983, ya sa masa Larabci a ciki da kan kibod, ya sayar da sunan Sakhr. A wancan zamani, magidanci Bahaushe mai neman na kansa a Jidda ya cire kuɗi ya sayo wa yara kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne, sai da ya haƙura da wani abu kafin ya saya. To wane ne yaron gidan ranar da aka shigo da kwalin? Ba kai ba ne. Ina kyautata zaton Yayanka aka zaunar gaban talabijin, shi aka ce wa kada ya danna da ƙarfi, shi ya ga Baba yana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Kai labari ka tarar. Sai ga ka da maganar "ƙari" da "buɗewa" da "abokina mai gyara". Abin da ya shiga kunnensa shi ne kayan Baba na da naƙasu, yaro zai kai wa wani yaro ya farke.

Ka koma wurinsa, ba da leda a hannu ba, ba kuma ta WhatsApp ba. Same shi a gida bayan an ci abincin Juma'a, ka tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani: "Yaya, kaset ɗin nan da Baba ya rubuta wa suna, me ke cikinsu?" Ba wayo nake koya maka ba, tambaya ce da ya kamata a ce ka yi tuntuni. Irin wannan kwamfuta a kaset take ajiye aiki, ta mayar da shi wani ƙara mai tsini. In Baba ko Yaya sun taɓa rubuta wani abu da BASIC, yaren rubuta manhaja da ke cikin kwamfutar, can yake kwance. Kaset kuwa ba ya shiri da zafi da laima, Jidda ta tara duka biyun. Zaren yakan manne, yakan yi fumfuna, sautin ya dushe. Ceto su ma bai buƙatar a kunna kwamfutar: rikoda mai lafiya, wayar sauti, a naɗe ƙarar a laftof a matsayin WAV, ba MP3 ba, don MP3 yana gutsure sautin. A wurina wannan ya fi memorinka gaggawa nesa ba kusa ba.

In hira ta yi daɗi, sai ka faɗa masa abin da ban tabbata ka bayyana ba a karon farko: kayan da ka saya ba sa buƙatar a kwance ko kusa ɗaya. Ramin da Baba yake cusa katirij ɗin Alƙur'ani, nan zai shiga, a zare shi kwamfuta ta koma yadda take. Ka kuma roƙe shi ya zama shi zai danna makunni.

Abokinka kuwa, ka gode masa ka ce a'a. Ban raina hannunsa ba, mai gyaran waya yana liƙa abin da ido da ƙyar yake gani. Amma ya saba da iska mai zafi da fanel na zamani mai jure wuta. Fanel na shekarun 1980 siraran layukan tagulla ne manne da gam da ya tsufa. Zafi ya ɗan yi yawa, ko a ja ƙafar aisi dalma ba ta gama narkewa ba, sai layin ya ɗago ya biyo ƙafar. Dasa memori a ciki kuwa dole a cire aisi masu ƙafafu da yawa, ko a yanke layuka a ja wayoyi, kuma fanel ɗin da ka saya ba don haka aka zana shi ba. In abu ya lalace ba kantin da za ku je: kamfanin ya bar Kuwait bayan mamayar Iraƙi a 1990, ya koma Alƙahira ya karkata ga manhaja. Duk wannan kasada don kada a ga abu ya leƙo daga sama? Ai da abu a leƙe ake amfani da ita tun ranar farko, kuma ramukan nata biyu ne.

Gara ka san me 512KB zai ba ka tun yanzu, don wasu sukan gama aiki lafiya lau su zauna suna zagin mai sayarwa. Injin lissafin MSX irin Z80 ne, layukan adireshinsa 16, ba ya ganin fiye da 64KB a lokaci guda ko ka tara masa memorin duniya. An yanka 64 ɗin nan gida huɗu, kowane 16KB. Ɗauke shi kamar mai shago da teburinsa kwali huɗu kacal yake ci. Abin da ka sayo sito ne a bayan shago mai cin kwali 32. Tebur bai ƙaru ba. Sai an samu yaron shago da ya san da siton, yana ɗauke wannan kwali yana kawo wancan. A kan fanel ɗinka akwai 'yan aisi da aikinsu ke nan, amma ba sa motsi sai manhaja ta umarce su, kuma sai manhajar da aka rubuta ta san da zamansu.

BASIC bai san da su ba. Shi da BIOS, manhajar da ke tayar da na'ura, sun riga sun zaune 32KB na ƙasa, a na sama yake aiki, a nan ma na'ura ta gutsuri nata. Shi ya sa yawancin MSX na farko ke rubuta 28815 Bytes free in ka shiga BASIC. Ka cusa 512KB ka kunna, adadin da ka gani kafin ka cusa shi za ka sake gani. Ba a cuce ka ba. Katirij ɗin Alƙur'ani da na wasanni daga nasu ROM, wato memorin da ke cikinsu, suke gudana, ba za su ƙara sauri ko kyau ba. Memori kuma ba ya mayar da MSX1, zubin farko irin ta Baba, ta zama MSX2, zubin da ya biyo baya: ɓangaren hoton AX-170 yana da nasa 16KB daban, wasannin MSX2 kuwa aisin hoto V9938 na Yamaha suke nema, wanda babu shi a cikinta.

Amfaninsa yana fitowa ne ranar da ka sa katirij mai karanta katin SD a rami na biyu. Nextor, tsarin sarrafa kati da fayiloli da wani ɗan Sifen ya gina a kan MSX-DOS 2 na 1988, yana tafiya a MSX1, amma cikakken aikinsa sai da aƙalla 128KB na irin wannan memori mai sauyawa. Da ka tambaye ni kafin ka yi oda, da na ce ka tara kuɗin ka sayi wanda ya haɗa kati da memori a gida ɗaya, irin su Carnivore2, ko da yake shi katin CF yake ci, ba SD ba. An riga an saya, kuma liƙin da za ka koya da shi ba asara ba ne.

Abu ɗaya ka koma ka karanta a takardar kayan yau ɗin nan: an rubuta yana aiki da MSX1? MSX2 tana tashi take jera gidajen nan huɗu da kanta. MSX1 ba ta san da zancen ba, dole fanel ɗin ya zo da nasa tanadin jera su tun daga kunnawa. In babu, duka huɗun na iya kallon wuri ɗaya, na'ura ta rikice, kai kuma ka ɗauka hannunka ne ya ɓata.

Yanzu haɗawa. Ranar farko ko ledar kada ka buɗe. Nemo mataccen rediyo ko tsohuwar risiba ta dish, a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta Jidda, ba za ka rasa ba, ka yi ta cire kayan fanel ɗinta kana mayarwa har hannunka ya daina rawa. Ƙarfen liƙi, a shago kawiya za ka ce, ka sayi mai siririn baki da maɓallin daidaita zafi, ka tsayar da shi tsakanin digiri 330 da 350. Mai arhar nan da ake cusawa a soket ya yi ta zafi ba linzami, bar musu kayansu. Dalma siririya, wajen milimita 0.8, mai man liƙi a cikinta. Mai lamba 63/37 a digiri 183 take narkewa, ta fi sauƙi ga ɗan koyo, sai dai gubar dalma ba wasa ba ce: buɗe taga, kada ka ci komai a wurin, ka wanke hannu in ka gama.

Kuskuren sabon hannu ɗaya ne, ya narka dalma a bakin ƙarfe ya ɗauko ya shafa. Ba haka ake yi ba. Jingina bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar da zoben tagullar da ke kewaye da ita a tare, ƙirga ɗaya, biyu, sannan kawo dalma ta ɗaya gefen, ta taɓa ƙafar, ba ƙarfen ba. Za ka ga ta zube da kanta, ta zagaye ƙafar ta ɗan hau ta. Janye dalma, sannan janye ƙarfe. Duka-duka daƙiƙa uku ko huɗu. Liƙi mai kyau yana sheƙi, gindinsa da faɗi, samansa a tsuke. In ya dunƙule ko ya yi dishi-dishi, bai kama ba, ƙara man liƙi ka sake ɗumama shi.

Fara da gajerun kaya ka ƙare da dogaye, don in ka kifa fanel a tebur su zauna daram. Rasista tukuna, ba su da gaba ba su da baya. Sai soket na aisi, in ba a haɗo maka ba ka saya, kada ka liƙa aisi kai tsaye. Kowane soket yana da ɗan gurbi a kai ɗaya, zanen fanel ma yana da shi, su kalli wuri guda. Liƙa ƙafa ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a ta can ƙarshe, ɗaga ka duba ya kwanta sosai, sannan ka bi sauran. Ƙananan kafasita masu lamba 104 duk yadda ka juya su daidai ne. Mai siffar gwangwani shi ne mai rigima: doguwar ƙafa ita ce +, layin da ke jikinsa yana nuna −, in ka juya shi yakan kumbura ko ya fashe. Haƙoran zinaren da ke gindin fanel, waɗanda za su shiga rami, rufe su da salatif na takarda tun kafin ka fara. Ɗigon dalma ɗaya a kansu da wuyar fita yake, kuma zai je ya wage haƙoran ramin kwamfuta.

Ka gama, kada ka sa aisi tukuna. Goge bayan fanel da tsohon buroshin haƙori da sifirit na goge kayan lantarki. Ɗauki hotonsa da waya ka ƙara girmansa, ka bi layi-layi kana neman inda dalma ta haɗa ƙafa biyu maƙwabta. Sannan ɗauko mitar awon wuta, sa ta a wurin da take kuka in waya biyu sun haɗu, ka taɓa layin bolt 5 da na GND, wato layin − da wuta ke komawa ta kansa. A tsarin MSX haƙori na 45 da 47 su ne bolt 5, na 41 da 43 su ne GND. In ta yi ɗan ƙit ta yi shiru, kafasita ne ke cika, ba komai. In ta riƙe kuka, akwai shot, fanel ɗin nan ba zai kusanci kwamfutar kowa ba sai ka gano shi.

Aisi su ne na ƙarshe. Ɗakin da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya busar, ga kafet, jiki na tara wutar nan da kan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota. Kai ba ta yi maka komai, aisin memori kuwa tana kashe shi ba ƙara ba hayaƙi. Yi aikin a teburin katako, ƙafa a kan tayil, ka taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka ɗauko shi. Sababbin aisi ƙafafunsu a ɗan buɗe suke zuwa, kwantar da gefe guda a tebur ka ɗan danna su miƙe, haka ɗaya gefen. Bayan ya shiga soket, sauko da idonka daidai da fanel ka leƙa ƙarƙashinsa. Babban aisin memorin yawanci ƙafa 32 gare shi, ɗaya takan lanƙwashe ta shige ciki, daga sama ba za ka taɓa gani ba.

Ranar da Yaya ya amince, fanel ɗinka ya zauna a aljihu tukuna, kwamfutar za a fara gwadawa ita kaɗai. Juya ta ka karanta wutar da take ci, in akwai maɓallin zaɓen wuta ka ga inda yake tsaye. Ka san tsofaffin gidajenmu, soket na 127 da na 220 a bango ɗaya kamarsu ɗaya, kuma tun shawarar da gwamnati ta yanke a 2010 ake ta mayar da ƙasar kan 230. Soket ɗin da Baba yake amfani da shi ba lallai wutar da ke cikinsa yau ita ce ta da ba, a sa mai aikin wuta ya auna. Yaya ya kunna, kai hancinka kusa, hannunka a kan waya. Wari, hayaƙi ko wani ƙara daga ciki, zare nan take. A nan ne kaɗai zan yarda a buɗe ta, kuma ba kai ba, ba don memori ba. Mai gyaran tsofaffin rediyo da talabijin, dattijo in da hali, shi zai duba ɓangaren wuta ya canja kafasitan da suka gaji. Ɓangaren nan yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

In ta tashi, a bar ta ta ɗan ɗumama. A gwada katirij ɗin Alƙur'ani a rami na farko, a kashe, a mayar da shi na biyu, don a san duka biyun na da rai. Iskar Jidda da gishiri take, haƙora sukan dushe. In ya ƙi tashi a goge su da auduga da sifirit a bari su bushe. Ban da hurawa da baki, ban da samfefa.

Sai an wuce nan naka zai fito. Ba a sa katirij, ba a cire shi, na'ura na kunne, ko da wasa. Wani haɗarin kuma kai ya fi shafa, don fanel ɗinka tsirara yake. Katirij na kamfani kowa ya san gabansa, ga suna ga hoto, tsiraran fanel kuwa ta kowace fuska shiga yake. Ramin nan mai haƙora 50 ba bolt 5 kaɗai ke cikinsa ba, akwai +12 da −12 a can ƙarshe. Ka juya fanel, su faɗa kan layukan da ba za su iya ɗauka ba, asarar kuma ba lallai ta tsaya a kan kayanka ba. Nemo inda aka buga lamba 1, ka gwada da takardar kayan, ka manna 'yar takarda ka rubuta GABA. In ka samo masa gida na roba ya fi.

Kunna. In ta tashi yadda ta saba, rabin aiki ya yi. Sauran rabin sai ka loda 'yar manhajar gwajin memori ta ƙirga maka gida 32. In ta tsaya a 16 ko 8, wani layin adireshi bai kama ba, koma kan liƙin. In fuskar talabijin ta tsaya ba rubutu, kashe nan da nan, zare fanel, kunna ba shi. Ta tashi? To kwamfuta lafiya, laifin na fanel ne, kuma da wuya ya wuce aisi a juye, ƙafa a lanƙwashe, ko dalma ta haɗa maƙwabta. Ɗan taɓa bayan kowane aisi bayan ka kashe. Wanda ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa shi ne abin zargi, wataƙila ma ya riga ya tafi. Shi ya sa na ce soket, ka ɗago shi da siririn sukundireba ka sa wani.

Saura in Yaya ya sake cewa a'a. To a'a ce, a bana dai. Kada ka kai ƙara wurin Hajiya, kada ka tara 'yan'uwa a yi masa taron dangi, ko da kana da gaskiya ta fuskar rabo. Roƙi ƙananan abubuwa biyu: a bar ka ka naɗe kaset-kaset, a kuma sauko da kwamfutar daga saman wadirob inda zafi ke taruwa, a sa ta a kwali da 'yan ƙunshin silika a wuri mai sanyi da bushewa. Sannan ka je ka sayi taka. An sayar da AX-170 da yawa a ƙasar nan, har yanzu tana fitowa a haraj da wuraren sayar da tsofaffin kaya ta intanet. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, ka danna kowane harafi na kibod ka ga ya fito, ka gwada ramukan biyu, ka duba ko an taɓa kwance kusoshin. Wadda jikinta ya yi rawaya amma tana aiki ta fi mai sheƙin da mai ita ke cewa, "Wayarta ce babu, amma wallahi lafiyarta ƙalau." A kan wannan ka yi duk gwajinka, a kanta abokinka ya dasa abin da yake so in ka ga dama. Ni ko Yaya ya amince ma, a kanta zan fara gwada fanel ɗin da hannun koyo ya liƙa, kafin ya shiga ta Baba.

Kawu